Ranar da Muka Shimfiɗa wa Haruna Tabarmi

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Rabi, a makwancinki da ke gabas da hillarmu, ƙauyen da kika raine mu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan sallama, na durƙusa na gaishe ki gaisuwar ɗiya ga uwarta, tare da fatan Allah ya yalwata miki wurin kwana, ya sa kina cikin ni'imarsa. Ni ce Safiya, autarki, wadda kike kira Mai-baki tun ban iya ɗaura ɗankwali ba.

Na san abin da za ki fara cewa: me ya kai ni rubuta maganar gida a waya, inda dangi na Damazin da na Kamlin da waɗanda ban ma sani ba za su karanta? Da gangan na yi, Inna. Maganar nan ta daɗe a ɗaki, kuma zamanta a ɗaki bai amfane mu da komai ba.

Lokacin da kika rasu na yi ta kuka ina cewa kin yi saurin tafiya. Da yaƙi ya iso Jazira sai na koma gode wa Allah da ya ɗauke ki kafin nan. Akwai abubuwan da ba na so a ce idonki ya gani, kuma babbansu shi ne abin da zan gaya miki yanzu game da ɗanki, Yaya Haruna.

Amma bari in fara tuna miki wani abu. Shekarar da gobara ta cinye mana rumbu, da hantsi wani baƙo ya sauka daga Kamlin, abokin marigayi Baba. Hayaƙi bai gama tashi daga tokar dawarmu ba kika wanke fuska, kika soya kofi, kika daka, kika ɗora butar jabana a kan garwashi. Da ya tambayi lafiyar gida kika ce sai alheri. Bayan ya tafi na tambaye ki don me ba ki gaya masa ba, kika ja mini kunne kika ce, "Baƙo ba shi zo ɗaukar nauyinki ba. Ki ba shi kofi shi sha, shi tahi da hankalinai kwance." Da wannan kika raine mu, kuma na riƙe shi shekara da shekaru ban taɓa saki ba.

Shekarar da masu bindiga suka shigo, gyaɗa ta yi kyau irin kyan da kike so, ƙwaya cike da kwanso. Mun cire, mun shanya, mun ɗura a buhu, an jere a ɗakin ajiyar hilla ana jiran hanya ta buɗe. Yaya Haruna har ya fara maganar zai gyara rufin ɗakinki da ya fara yoyo.

Da rana tsaka suka zo, su da manyan motoci. Ɗaya daga cikin motocin koriya ce, an zana mata jirgin ruwa a ƙofar direba. Na kalle ta sosai, domin daga bayan katangar makarantar da nake koyarwa babu abin da nake iya yi sai kallo. Suka tattaro samarinmu da bakin bindiga, suka sa su lodin gyaɗar da suka noma da hannunsu.

Kin san ɗanki. Ba mai faɗa ba ne, ko akuya ta ci masa shuka sai ya kai ta gidan mai ita ya yi sallama tukuna. Ya yi lodi tare da kowa. Da aka zo kan buhunan ƙarshe sai ya tsaya, ya roƙe su da ladabi su bar mana ko kaɗan ne na iri, don mu sami abin shukawa baɗi. Iyakar abin da ya ce ke nan. A ƙofar ɗakin ajiyar suka harbe shi, sannan suka sa sauran suka ƙarasa lodin.

Ƙaninki Kawu Isa, wanda yanzu shi ne shehin hilla, shi da mutum kaɗan suka sallace shi a gaggauce suka binne shi kusa da ke. Kafin rana ta faɗi duk mun bar garin da abin da kai zai iya ɗauka. Ba a shimfiɗa tabarma ba, Inna. Ba wanda ya zo ya ɗaga hannu ya ce Fatiha, ba wanda ya ce mana Allah ya ba da haƙuri. Mutumin da bai taɓa jin rasuwa ko a kambo, sansanin 'yan ƙwadago, ba ya ƙi zuwa gaisuwa, shi ne aka binne kamar ana ɓoye abin kunya.

A Gadarif muka ƙare, a wani ajin makaranta da muka raba da iyalai da yawa. A nan matarsa Zahra'u ta yi takaba, a lungu, an tare ta da zanen gado. Farin tob ɗinta na yafawa ɗaya ne, ta wanke ta zauna jiran ya bushe. Ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, kuma wannan shirun nata ya fi kuka cin raina.

Da aka kori masu bindiga muka dawo. Mun tarar da ƙofofi a ɓalle, an kwashe injinan ban ruwa, ciyawa ta toshe tur'ar da ke kawo mana ruwa gona. Kowa ya sunkuyar da kai yana neman abin da zai kai baki, maganar makoki ba ta ko taso ba. Wa zai zauna karɓar gaisuwa alhali tukunya ba ta hau wuta ba?

Ana cikin haka wani attajiri na Madani ya fara zirga-zirga zuwa hilla. Ba zan kama sunansa a nan ba, na ajiye shi sai inda kama shi zai yi amfani. Ya zo da fara'a da alkawura: zai ba da iri, zai gyara injin ruwa, zai sayi duk abin da muka noma. Rannan sai ga motarsa ta kawo kujeru da rumfuna. Koriya ce, Inna, da jirgin ruwa a ƙofa, kuma direban nan ne dai. Muka haɗa ido da shi ya sunkuyar da kai. Daga Wad Haddad har Madani babu ɗan dako ko mai shayin da bai san wanda ya riƙa sayen amfanin gonar da aka ƙwace yana turawa bakin teku ba. Sanin ne kawai ba a faɗa.

Kawu Isa ya tara mu a gaban masallaci ya yi bayani. Wai wata ƙasa mai nisa da ke sayen gyaɗa za ta ƙulla yarjejeniyar ciniki da ƙasarmu, attajirin nan kuma shi ne zai riƙa tara musu kaya. A cikin yarjejeniyar an rubuta cewa ba sa sayen abin da aka samu ta zalunci ko aikin tilas, shi ya sa wakilansu da mutanen ofishin jakadancinsu za su zo tare da manyan hukuma su gani da idonsu. Hillarmu aka zaɓa a nuna musu. Aka ce a share, a shafa wa makaranta farar ƙasa, a koya wa yara waƙar maraba, a yanka rago.

Sannan ya sassauta murya ya ce, "Mu dai kun san yadda aka kallonmu ƙasag ga, ko da nan aka bisne kakanninmu. Ku yi kurum mu samu iri mu shibka. In sun tambaya ku ce alhamdulillah, halas, shi ke nan."

Kada ki ga laifin ƙaninki da yawa. Tsoronsa na gaskiya ne. Har yau in an tsayar da mota a hanya, mu ake fara tambaya takardar kakan kakanmu. Ya tsufa, yana da hilla guda a wuyansa, kuma ya ga yadda yara suka rame. Ni ma na gani, a ajina suke zama.

Amma na koma gida zuciyata tana tafasa. Ki duba mini wannan lissafi, Inna. Mutane sun rubuta da hannunsu cewa ba sa cin abin da jini ya taɓa. Madalla. To wa suke tambaya ko jini ya taɓa? Mai sayar musu. Shi zai zaɓi garin da za su gani, shi zai zaɓi manoman da za su yi magana, shi zai kawo kujerun da za su zauna. Mu kuma da tarbiyyarmu ta rashin kai wa baƙo kuka, sai mu ce sai alheri, su koma su rubuta cewa sun je sun gani, lafiya lau. Gyaɗar Yaya Haruna ta riga ta hau jirgi, an matse ta, wata baiwar Allah a can ta soya wa 'ya'yanta abinci da man gyaɗar ba ta san komai ba. Kunyarmu da kawaicinmu su ne za su zama shedar wanke wanda ya ci ribar mutuwarsa. Wannan ne na kasa haɗiyewa.

Na fara bi ta hanyar da ta dace, don kada ki ce Mai-baki ta yi halinta. Na sami mai tsara taron na roƙa a ba ni dama in yi magana a madadin mata. Ya yi murmushi ya ce lokaci ya ƙure, an riga an zaɓi masu jawabi, amma in ina so zan iya taimakawa wajen raba kofi.

Dabarar ba tawa ba ce, ta Zahra'u ce, surukarki mai shiru-shiru da kike cewa ko kaza ba ta iya kora. Muna tsintar dawa a tsakar gida ina ta faɗa ni kaɗai, ba ta ɗago ba ta ce, "Safiya, har yau fa ba a zauna mishi makoki ba." Na dube ta, ta dube ni.

Ranar da baƙin za su zo, da sassafe muka fito da tabarmi. Babbar tabarmarki ta kaba tana nan, ɓarayi ba su ga darajarta ba. Muka shimfiɗa su a gindin bishiyar da ke bakin gadar tur'a, inda hanya ɗaya tilo take shiga hilla, ɓangaren mata daban, na maza daban. Muka ajiye randar ruwa, na hura garwashi. Zahra'u ta yafa farin tob ɗinta ta zauna. Ba mu gayyaci kowa ba, amma kafin hantsi mata sun fara zuwa ɗaya bayan ɗaya, har da na kambo, waɗanda su ma suke da mamatan da ba a zauna wa ba. Ba kuka, ba ihu, kowa da carbinta.

Tabarmar maza ce ta zauna babu kowa, kuma kin san makoki ba ya tsayawa sai da namiji babba mai karɓar gaisuwa. Sai ga Kawu Isa ya taho tarbar baƙi, da farar jallabiyarsa da rawanin da Zahra'u da kanta ta goge masa tun ana gobe. Ya tsaya cak. Ya dubi tabarmin, ya dubi matan, ya dube ni, ya ce, "Safiya, kin kashe ni." Ga ƙarar motoci tana matsowa. Wallahi, Inna, da ya ce a naɗe, da an naɗe, kuma da na ji kunyar da ba zan ƙara ɗaga kai a garin nan ba.

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya tuɓe takalmansa, ya jera su a gefe, ya hau tabarma ya zauna ya fuskanci hanya. Shi ne fa ya sa Yaya Haruna a kabari da hannunsa. Ina jin shi ma nauyin nan ya daɗe yana danne shi, bai dai sami inda zai sauke ba.

Kin san ƙasar nan. Komai girman mutum, komai saurin da yake yi, ba ya ganin tabarmar makoki a kan hanyarsa ya wuce. Motoci suka tsaya. Manyan hukuma suka fito suna gyara rawani, ɗaya bayan ɗaya suka tsaya gaban Kawu suka ɗaga tafin hannu suka ce Fatiha, shi ma ya ɗaga nasa. Baƙin nesa suka tsaya a baya suna kallo, ba su gane ko wannan ma cikin tsarin tarba yake ba. Attajirin ne ya fito a ƙarshe. Ya duba hagu ya duba dama, babu hanyar zamewa a gaban jama'a. Ya zo ya ɗaga hannuwansa ya karanta wa Yaya Haruna Fatiha.

Na zuba wa hannuwan nan ido har ya shafa. Na zaci zan ji daɗi, ban ji ba. Fushi na ji, daga baya kuma sai hawayen da na riƙe tun Gadarif suka zubo.

Ban watsar da tarbiyyarki gaba ɗaya ba, ki shaida. Sai da na zagaya da jabana na ba kowa kofi, har attajirin. Wata dattijuwa cikin baƙin, mai furfura da ƙaton tabarau, ta karɓi nata ta tambayi tafinta wa ya rasu, yaushe. Tafintan ya dubi babban jami'in, jami'in ya dubi ƙasa. Sai na ajiye faranti na amsa da kaina, da Larabci, da ƙarfi yadda na baya za su ji.

Ke ba ki taɓa kiran sunan Yaya Haruna ba, da yake ɗan fari ne. "Wancan yaron" kike cewa har ya yi gemu, mu yi ta dariya. To ni na kira shi rannan, sunansa da na Baba da na kakanmu, a gaban mutanen ƙasa biyu. Na faɗi abin da ya roƙa da abin da aka yi masa. Na faɗi su wa aka sa lodi da bakin bindiga. Na ce motar da ta kwashi gyaɗar tana nan a bayan makaranta, ita ta kawo kujerun da za su zauna a kai, in suna so su je su gani. Tafintan ya fassara, kuma ina jin bai rage komai ba, domin dattijuwar ta sa ya maimaita mata sunan har ta iya faɗinsa daidai.

Yanzu ga sauran labarin, ba zan yi miki kwaskwarima ba. Yara ba su yi waƙarsu ba, ragon ma rabinsa aka ci. Baƙin suka tafi da wuri. Bayan 'yan makonni muka ji a rediyo an sa hannu a yarjejeniyar a birni, an gaisa, an yi jawabai kan zumuncin ƙasashe. Iri bai zo ba, injin ruwa bai zo ba, koriyar mota ba ta sake tako hillarmu ba.

Mutane sun ji haushina, kuma suna da hujja. Maƙwabciyarki Habsatu, wadda ta yi mini wankan jego, in na gaishe ta sai ta duba wani wuri. 'Ya'yanta biyar, mijinta ba lafiya, irin nan take jira. Ba na iya ce mata ta yi kuskure. Duk sanda na wuce ƙofarta sai na ji kamar an ɗora mini dutsen niƙa a ƙirji. Mun roƙo ɗan iri daga dangi a Wad Haddad mun rarraba, rabin gonarmu kuma dawa muka shuka maimakon gyaɗa. Bana za mu ci, amma ba za mu sayar ba.

Duk da haka ban yi nadama ba, Inna, kuma ba zan yi ba. Da mun yi shiru da mun sami iri, gaskiya ne. Amma da mun koya wa duk mai mota da mai bindiga cewa ana iya kashe manomi a ƙofar rumbunsa, a sayar da amfaninsa, a dawo baɗi manomin da ya rage ya yanka maka rago. Wanda ya koyi wannan darasi zai sake, kuma ɗan wata za a binne a gaggauce.

A makon jiya saƙo ya iso. Masu sayen sun turo mutanensu Madani, wai za su saurari duk wanda ya ga abin da ya faru, ba tare da attajirin ko mutanensa a wurin ba. Wasu sun ce wanke fuska kawai suke yi, su ji su rubuta su ajiye. Mai yiwuwa ne. Ni dai gobe zan je. Zahra'u ta ce da ita. Biyu daga cikin samarin da aka sa lodi, waɗanda tun rannan ba su taɓa buɗe baki a kan maganar ba, sun zo da kansu sun ce za su bi mu. Kawu Isa kuwa ya aiko a gaya mini wai ba ya barin matan gidansa su tsaya gaban baƙi su kaɗai, don haka dole ya raka mu. Kin san ƙaninki, ba zai taɓa cewa ya yarda da ni ba, amma tun jiya ya sa a wanke masa jallabiya.

Na riga na san abin da zan ce musu. Ba mu ƙi ciniki ba, manoma ne mu, abin da muka noma sai an saya muke rayuwa. Su sayi gyaɗarmu, mu ma muna so. Amma su tambayi wanda ya ɗauki buhun a kansa, ba wanda ya karɓi kuɗinsa kaɗai ba. Su tambaye mu inda ba mai ido a kanmu, kuma su sani in mun ce sai alheri, ladabi muke yi, su sake tambaya. Alkawarin da suka rubuta kuwa, in wanda ya karya shi zai ci gaba da zama kusa da jakada ana ɗaukarsu hoto, to gara su goge shi su daina wahalar da yaranmu da koyon waƙa. In sun saurara, alhamdulillah. In ba su saurara ba, zan nemi ƙofa ta gaba, bakin nan da kika ce ya yi yawa ga shi ya sami aiki.

Innata, na yi kewarki. Na so a ce kina nan rannan, ko da kunnena za ki ja. Ki yafe mini in na kai wa baƙo kuka, ban sami wata hanya ba. Yaya Haruna yana nan kwance kusa da ke, taku kaɗan ne tsakaninku. Ki gaya masa mun zauna masa har kwanakin suka cika, jama'a sun zo daga nesa, an ɗaga masa hannu, an naɗe tabarmi yadda ake yi wa kowane ɗan mutunci. Ya kwanta ya huta, abin da ya rage namu ne.

Allah ya jiƙanki, ya jiƙan Baba, ya jiƙan Yaya Haruna da duk waɗanda aka binne babu mai zama musu. Allah ya sanyaya zuciyar Habsatu, ya ciyar da 'ya'yanta. Allah ya ba mu ƙarfin tsayawa gobe, ya sa kada muryata ta yi rawa. Amin.

Ɗiyarki mai ƙaunarki har abada,
Safiya